Zumar Yukren da na'urar auna tururin nukiliya

Tambaya: Ina zaune a Jamus da yarana. A shagon da nake cefane zumar Yukren ta fi kowace araha, amma na ji an ce tururin nukiliyar Chanobil ya lalata ƙudan zuman can. In saya ko in haƙura?

Amsa: Malama, saya ki ba yaranki, banda jaririn da bai cika shekara ba, shi dama ba a ba shi kowace irin zuma.

Abin da kika ji yana da tushe. Tashar Chanobil ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, aka kwashe mutane daga kewayen kilomita 30, ƙwari kuwa babu wanda ya kwashe su. Anders Møller da Timothy Mousseau sun ƙirga su a dajin, suka bayyana a 2009 cewa inda tururin ya fi ƙarfi, nan ƙudan zuman daji da fara da gizo-gizo suka fi ƙaranci. Wasu masanan sun ja da su kan girman ɓarnar, har yau ba a gama muhawarar ba.

Na Japan ya fi tayar da hankali. Wata biyu bayan hatsarin Fukushima na Maris 2011, Joji Otaki na Jami'ar Ryukyu da abokan aikinsa suka kamo wani ɗan ƙaramin shuɗin malam-buɗe-littafi. Kusan kashi 12 cikin ɗari suna da nakasa: fiffike a tsuke, ido a lotse, ƙafa a murɗe. Da suka koma a Satumba, adadin ya kai kashi 28. Tsutsar wannan ƙwaro ganye iri ɗaya take ci, mai tsirowa dab da ƙasa, to a cikin gubar take kwana take tashi, daidai lokacin da gaɓɓanta ke ƙulluwa.

Amma halin ƙwaron da ya rayu a wurin daban, abin da ke cikin kwalbarki daban. Chanobil tana can arewa, bakin iyakar Belarus, yawancin zumar da Yukren ke fitarwa kuwa daga manyan gonakin kudu da tsakiyar ƙasar take. Abin da ake tsoro shi ne siziyom-137, sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda tsiro ke zuƙa a madadin fotasiyom, kuma sai ya yi shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce bekarel 600 a kilo ba (bekarel shi ne ma'aunin ƙarfin tururin). Ko a Amurka, binciken Jim Kaste na 2021 ya same shi a zuma 68 cikin 122, ragowar gwaje-gwajen bam na shekarun 1950 da 1960, amma mafi ƙarfinsu bekarel 19 ne kacal a kilo. Ni da ke ce, da na fi damuwa da zumar da aka yi wa algus da sukari. Abin da za ki guda a inda kike shi ne naman kaza, wato laimar kwaɗi, da ake tsinta a dazukan Bavariya a kudancin Jamus, don har yanzu ana samun mai ɗauke da siziyom da yawa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina zirga-zirga tsakanin Agadas da Arlit. Na ga ƙaramar na'urar auna tururi a intanet. Za ta nuna min ko abincin gidana lafiya yake?

Amsa: Alhaji, ba za ta nuna ba. Tururin da ke cikin kwanon gero ko zuma ya yi mata kaɗan, ba ta iya rarrabe shi da wanda ƙasa da duwatsu ke fitarwa dama. Wannan aikin ɗakin gwaji ne.

Inda za ta biya kuɗinta shi ne wajen ƙarfe. Kamfanin Cominak mai haƙar yuraniyom a yankin Arlit ya rufe a 2021, ya bar tulin sharar yuraniyom da ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, mai binciken tururin nukiliya, ta ƙiyasta tan miliyan 20, kuma a baya an sha samun gurɓatattun ƙarafan mahaƙa a kasuwar Arlit. In za ka sayi tsohon bututu ko gangar ruwa, fara auna fili nesa da kayan, sannan ka manna na'urar a jikinsu. Lambar ta ninka, bar wa mai kaya kayansa komai arharsa.