Hukuncin Tsokanar Yarinya Kan Ƙiba da Azumin da Take Fakewa da Shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata mai shekara 15 tana da jiki. 'Yan ajinsu na kiranta Buhun Masara, a gida ma taubasanta da kakarta ba sa raga mata. Yanzu kullum sai ta ce tana azumin nafila, in an sha ruwa shayi kawai take kurɓa, in na matsa mata ta ci tuwo sai ta kewaya ta sa yatsa ta amayar. Masu wasan nan suna da laifi? Kuma ya halatta in hana ta azumin? Daga wata uwa, Bolari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan tsokanar haramun ce. A Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah Ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabobi, har Ya ware mata Ya ambace su daban. Nana A'isha ta taɓa nuni da gajartar Safiyya, sai Annabi (SAW) ya ce mata ta faɗi kalmar da in an cuɗanya ta da ruwan teku za ta gurɓata shi, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Wasan taubasai da na kaka da jika al'ada ce mai daɗi, ni ma ba na ƙin ta, amma iyakarta inda wanda ake yi wa yake dariya. Wasan da ya raba yarinya da abinci ya zama cutarwa. Ki faɗa wa kakar cikin ladabi, ki kuma je makarantar ki sami shugabar.

Azumin kuwa, ki hana ta, babu zunubi a kanki. Ayyuka da niyya suke, ita kuma ramewa take nema. Abdullahi ɗan Amr ma, da ya lazimci azumi kullum don Allah, Annabi ya dakatar da shi, ya ce jikinsa yana da haƙƙi a kansa; hadisin na cikin Bukhari. Sannan a littafin fiƙihu na Risala, wanda ya janyo amai da gangan da rana a Ramadan sai ya rama azumin, don haka ki lura da ita idan watan ya kama.

Sai dai kada ki tare ta da faɗa ko bulala. Abin da kika siffanta ciwo ne da likitoci suka sani: yana iya tsayar da jinin al'ada, ya cinye haƙora, ya rikita bugun zuciya har a rasa rai. Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ki nemi likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, a haɗa da addu'a. In ta fara ramewa kuma, kada wata ta kawo miki ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira “sha ka fashe”, domin ƙwayoyin nan na jawo ciwon suga da hawan jini. Ku riƙa cin abinci tare a kwano ɗaya, ba tare da kowa ya yi zancen jikinta ba.

Wallahu a'alam.