Sauya robar mariƙin sandunan golf a gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, a Zango nake zaune. Harka tana kai ni Kano kusan kowane wata, can abokai suka koya mini golf har na sayi sanduna 11 na gwanjo. Idan na dawo gida nakan fita bayan gari da la'asar in yi ta bugu a fili don hannu ya saba. Yanzu robar da ake riƙewa ta yi santsi, wasu ma sun tsattsage, ranar nan sanda ta kusa suɓuce mini. A nan ba mu da mai gyara. Wani ya ce in naɗe su da robar tub ɗin babur kamar yadda ake yi wa ƙotar fartanya. Hakan zai yi? Ko kuwa zan iya sa sababbi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ka iya, kuma da ka yi ta farko da ta biyu hannunka zai gane kan abin. Amma kafin ka kashe ko dala, fara da ruwa da sabulu. Ƙurar hunturu da gumi sukan haɗu su yi wa roba wani sheƙi, har mutum ya zaci ta mutu alhali datti ne kawai. Ka samu ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, ka dirje kowace, ka ɗauraye, ka tsane da tawul. Sannan ka danna ta da farcen babban yatsa. Wadda ta lotsa ta dawo, ka kuma ji tana ɗan kama fata, da sauran ranta. Wadda ta yi tauri kamar busasshen ƙirgi, ko ta tsage, ko ta siɗe daidai inda babban yatsa ke zama, wannan ta gama aikinta. Masu ƙera robar, irin su Golf Pride, suna ba da shawarar a sauya sau ɗaya a shekara ko bayan wasa 40, amma a zafi irin namu roba ba ta jiran lissafi.

Maganar tub kuwa, ka bar ta. Fartanya da ƙarfi ake riƙe ta, sandar golf kuma da sassauci. Idan mariƙi yana santsi, hannu da kansa yake ƙara matsewa, wuyan hannu ya sandare, kan sanda ya rasa gudu, fuskarta ta karkace lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Tub ba ya maganin wannan. Kaurinsa ba ya zuwa daidai, gumi na taɓa shi yake zamewa, rana kuma tana sa shi danƙo ya fara warwarewa daga ƙasa. Ga kuma doka: hukumomin da ke rubuta dokokin wasan, R&A ta garin St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, sun ce mariƙi ba zai yi tudu ko kwari ba, ba a kuma sassaƙa shi ya bi siffar yatsu. Dole ya zama zagayayye, sai na sandar tura ƙwallo cikin rami, wadda 'yan wasa ke kira fota, ita kaɗai aka yarje wa gefe mai faɗi. Naɗin tub da wuya ya tsallake wannan.

Idan ka je Kano sayen sababbi, ka tafi da tsohuwa ɗaya da ka cire. Leƙa cikin bakinta, sau da yawa za ka ga lamba 58 ko 60. Faɗin ramin ke nan: 60 na nufin inci 0.600, wajen milimita 15.2, 58 kuma inci 0.580, wajen milimita 14.7. Yawancin sandunan maza na yanzu 60 ne. Idan ka ga harafin R kusa da lambar, robar zagayayya ce sumul, ba ta da ɗan layin nan mai tudu da ake yi wa wasu ta ƙasa don yatsu su ji saiti (shi kam doka ta yarda da shi). Ga mai koyon aikin ita na fi so, domin ko ta ɗan juya ba za ta ɓata maka bugu ba.

Sai kaurin waje, wanda shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Riƙe sanda da hannun hagu, idan kai badame ne, kamar za ka buga. Yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami su ɗan taɓa tsokar gindin babban yatsa. Idan sun nutse cikin tafi, robar ta yi maka siriri. Idan akwai rata, ta yi kauri. Akwai madaidaiciya, akwai mai matsakaicin kauri da ta fi ta da 1/16 na inci, akwai babba da ta fi ta da 1/8. Kuma kowane ƙarin naɗi ɗaya na sikoc, wato salatef ɗin da ke manne robar da sanda, a ƙarƙashi yana ƙara wajen 1/64 na inci, don haka ana iya gyara ɗan bambanci a gida. Tunda hannu yana gumi sosai a nan, ka duba irin wadda aka saƙa zare a cikin robarta. Tana da kaushi, mako na farko za ta ɗan ci maka tafi, amma ba ta zamewa. Abu ɗaya kawai: duk sandunan ka sa musu iri ɗaya, ban da fota. Madaidaiciyar roba tana da nauyin giram 50 ko kusa da haka, idan ka gauraya masu nauyi da marasa nauyi, kowace sanda za ta riƙa ba hannunka labari daban.

A wannan tafiyar ka haɗo da sikoc mai danƙo fuska biyu, wanda Kanawa ke ce wa salatef, na aikin mariƙi, mai faɗin santimita 5. Ruwan da ake jiƙa shi kuma, ka nemi farin ruwan nan marar kala da masu fenti ke wanke burushi da shi, wanda ake rubuta White Spirit a jikin kwalbarsa. Kananzir ma yana yi, sai dai yana daɗewa bai bushe ba. Tina mai ƙarfi ta fentin mota tana cin roba, tana ɓata fentin sanda. Isansin kwalba na bakin hanya kuwa, wato fetur, don Allah kada ka kawo shi kusa da wannan aikin. A tsakar gida inda ake hura gawayi, yara na kai da kawo, tururinsa kaɗai ya isa ya jawo abin da ba a fata.

Wajen cire tsohuwar ne nake so ka fi nutsuwa. Sandunanka iri biyu ne: masu jikin ƙarfe mai walƙiya, da masu jikin garafait, baƙaƙe ko masu launi, marasa nauyi, irin na direba, wato doguwar sandar da ake bugun nesa da ita. Ƙarfe ba ya jin tsoron reza. Garafait kuwa zaruruwa ne aka manne, idan wuƙa ta yi masa zane to ta yanke wasu daga ciki. Farkon shigata wannan sana'a na tsaga robar wata direba da reza miƙaƙƙiya, na bar ɗan zane da ido da ƙyar yake gani. Bayan 'yan makonni sandar ta karye a hannun mai ita, daidai wurin. Har yau abin yana raina, shi ya sa nake nanata wa kowa. Ka nemi wuƙa mai baki kamar ƙugiya, ka saƙala ta a bakin robar, ka ja zuwa gindi, nesa da jikinka. Idan ba ka samu ba, ka yanka rabin kaurin robar kawai, sauran ka yage da hannu. Tsohon sikoc da ya kafe, ajiye sandar a rana minti kaɗan zai saki, ka ɓare da yatsa, ka goge sauran danƙon da tsumma mai ɗan ruwan fentin. Sai jikin ya fita tas, domin guntun da ka bari za ka ji shi a tafinka kamar tsakuwa a takalmi.

Idan kana da abokin makanike ko mai walda, ara abin matse ƙarfensa, ka naɗe sandar da robar tub mai kauri kafin ka matse (a nan ne tub yake da amfani), kuma kada ka matse garafait da ƙarfi. Idan babu, ka dafa kan sandar a ƙasa jikin bango, a kan tsumma, wani ya riƙe maka.

Gwada tsawon sabuwar robar a jikin sanda, wajen santimita 27 ne, ka yi alama da fensir. Yanki sikoc, ka manna shi a tsaye daga ɗan saman alamar, ka bar wajen santimita 1 ya wuce gindin sanda. Shafe shi ya kwanta ba tattara, ɓare takardar bayan, ka murɗe abin da ya wuce ka cusa cikin ramin sanda. Wannan yana hana ruwa shiga ciki, yana kuma rufe kaifin bakin ƙarfen.

Yanzu ga inda yanayinmu yake shigowa. A gindin kowace roba akwai ɗan ƙaramin rami. Toshe shi da yatsa, ka zuba ruwan fentin cikin robar, ka rufe bakin da ɗaya hannun, ka girgiza sosai. Sannan ka juye wannan ruwan a kan sikoc ɗin, daga sama har ƙasa, da kwano a ƙarƙashi yana tarewa don sanda ta gaba. Muddin sikoc yana jiƙe, santsi yake yi kamar kuɓewa. Da ya fara shan iska, danƙonsa ya dawo. A ƙasashe masu sanyi mutum yana da sararin yin abin a tsanake, amma a Damagaram cikin watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40, ko lokacin busasshiyar iskar hunturu, ruwan kan tashi kafin ka gyara tsayuwa. Saboda haka ka yi aikin bayan sallar asuba, a inuwa inda iska ke wucewa, kuma kada ka yi rowar ruwan. Ka ɗan matse bakin robar ya buɗe, ka ɗora shi a karkace, ka cire yatsa daga ƙaramin ramin don iska ta fita, ka tura da turi ɗaya har gindin sanda ya buga ƙarshen robar. Kada ka tsaya a tsakiya don duba ko ta yi daidai. Yawancin robar da ake asara a nan ake asararta: ta maƙale a rabi, ba gaba ba baya, sai wuƙa. Ka sayo guda ɗaya ko biyu fiye da adadin sandunanka saboda haka.

Da ta shiga, ka buga gindin a ƙasa sau biyu a hankali, ka ajiye kan sanda kamar za ka buga ƙwallo, ka duba ta sama. Alamar da ke jikin robar ta yi layi ɗaya da gefen fuskar sanda na ƙasa. Kana da ɗan lokaci kaɗan na murɗawa. Ka kuma gwada tsawonta da wata sabuwa da ba a sa ba, domin turi yakan miƙar da roba ta yi siriri, sai ka mayar da ita da tafin hannu. Fara da sandar da ba ka cika amfani da ita ba, fota kuma ka bar ta ƙarshe, tunda gefenta mai faɗi ba ya yafe karkata. Ka bar su su kwana kafin ka buga, idan kananzir ka sa ka ƙara musu yini.

Da yake garin dukawa da majema kake, wataƙila tunanin fata ya zo maka. Ba laifi ba ne, da fata ake naɗe sandunan golf kafin roba ta zo, kuma doka ba ta hana ba har yau. Amma tana buƙatar wata roba siririya a ƙarƙashi, da fata da aka fere gefenta don naɗin ya kwanta ba tudu. Idan kana sha'awa, gwada a fota kaɗai tare da baduku mai haƙuri.

Sababbin kuma, kada su yini a but ɗin mota, ko a ɗakin kwano da rana ke dafawa. Ka ajiye jakar a ɗaki mai sanyi, duk ranar da ka dawo daga fili ka goge mariƙan da jiƙaƙƙen tsumma, sabulu kuma sau ɗaya a wata.