Tambayoyin Masu Karatu: Shin an taɓa yin Robin Hood da gaske?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun saba jin labarin Robin Hood, ɗan fashin nan na Ingila da ake cewa yana ƙwace dukiyar attajirai ya raba wa talakawa. Shin mutum ne da ya taɓa rayuwa, ko tatsuniya ce kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, masana tarihi sun daɗe suna tona tsofaffin takardun kotunan Ingila, kuma abin da suka samu shi ne suna mai yawo, wanda aka liƙa wa mutane dabam-dabam. A shekarar 1226 takardun shari'a na York sun ambaci wani Robert Hod da ya gudu wa hukuma, aka ƙwace kayansa. A 1262 kuma wani magatakarda ya rubuta sunan wani mai laifi daga Berkshire da laƙabin "Robehod", abin da ke nuna cewa tun a lokacin sunan ya fara zama inkiyar duk wanda ya shiga daji don tsere wa shari'a.

A fagen adabi, an fara ambatonsa wajen 1377 a cikin waƙar Piers Plowman ta William Langland, inda wani malalacin limamin Kirista ya furta cewa bai haddace addu'arsa sosai ba, amma ya iya waƙoƙin Robin Hood. Wato kafin a rubuta labarin, ya riga ya yaɗu a bakin jama'a.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne Robin na tsofaffin waƙoƙi ya sha bamban da wanda ka sani. A doguwar waƙar nan A Gest of Robyn Hode, wadda aka buga wajen 1500, shi ɗa ne mai cin gashin kansa, ba basarake ba, kuma mazauninsa Barnsdale ne a yankin Yorkshire, ko da yake wasu waƙoƙin sun kai shi dajin Sherwood. Sarkin da aka ambata a ciki Edward ne. Abokan gabarsa su ne wakilin sarki na Nottingham da manyan shugabannin coci masu tara dukiya, sannan alherin da ya fi fitowa fili a waƙar shi ne rancen fam 400 da ya bai wa wani barde da bashi ya yi wa katutu, don ya fanshi ƙasarsa daga hannun shugaban gidan ibada na St Mary da ke York. Ni dai a ganina, wannan Robin ya fi kama da mai adawa da azzaluman jami'ai fiye da mai rabon sadaka. Ba mamaki jama'a suka so shi, domin dokar daji da sarakunan Norman, waɗanda suka zo daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka shimfiɗa bayan 1066 ta hana talaka farautar barewa a dazukan sarki, da hukunci mai tsanani.

Sauran kayan adon kuwa daga baya aka ɗora su. Marian, masoyiyar Robin a labarin, ta shigo ta hanyar wasannin bikin watan Mayu. A 1521 masanin tarihi ɗan Sikotlan John Major ya mayar da labarin zamanin Sarki Richard na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1189 zuwa 1199, a 1598 kuma Anthony Munday ya naɗa Robin sarautar Huntingdon a wasan kwaikwayonsa. Joseph Ritson, wanda ya tattara waƙoƙin a 1795, shi ne ya ƙarfafa siffarsa ta mai kare talakawa, sannan Walter Scott a littafinsa Ivanhoe na 1819 ya sanya shi a sahun Sakson, wato mutanen Ingila da Norman suka tarar a ƙasar, masu turjiya ga mulkin Norman.