Tambayoyinku kan salula da kwamfuta: matan Maradin 2150

Salulata tana zafi kamar garwashi in tana caji, har tsoron taɓa ta nake. (Mai shago, bakin babbar kasuwa)

Alhaji, a watan Afrilu a Maradi ko tulu zafi yake. Cire mata rigarta, ka daina kallon TikTok tana jikin wuta, ka kuma rabu da cajar nan ta dala ɗari. In bayanta ya kumbura, batir ne, a canza shi yau.

Mushe, a fadarmu muna wasan labari a rukunin WhatsApp. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya yana magana da bakinsa, labarin kuma a Maradi ne, shekarar 2150. ChatGPT ke tsara mana mutanen. Duk macen da ya ba mu budurwa ce mai matsattsun kaya, ba uwa ba uba, kafin saƙo uku ta faɗa soyayya da jarumi. Da muka ce masa Bahaushiya ce, sai ya kawo wadda ba ta buɗe baki sam. Wane saiti za mu taɓa? (Ɗalibi, Ali Ɗan Sofo)

Ƙanena, babu maɓallin da za ka danna. Zauna, ka zuba shayi, wannan tambayar ta taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Na'urar ba ta san 2150 ba. Abin da ta sani shi ne rubutun da aka ɗura mata, kuma a GPT-3, magabacin ChatGPT wanda kamfanin OpenAI ya fitar a 2020, fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin Turanci ne. In ka ce mata "mace a zamani mai zuwa", cikin wannan rumbu take laluben amsa. Me ke cikinsa?

A 1986 kamfanin Nintendo ya fitar da wasan bidiyo mai suna Metroid. Jarumin yana cikin sulke daga kai har ƙafa, yana yaƙi a wata duniya, sai a ƙarshe ka gane mace ce, Samus Aran. Ladan wanda ya gama wasan da sauri shi ne a nuna masa ita da 'yan kamfai. Wanda ya tsara haka ya riga ya yanke a ransa cewa mai riƙe da na'urar saurayi ne, kuma abin da zai faranta masa ke nan. A 2007 kamfanin BioWare na Kanada ya kawo wasan Mass Effect, labarin shekarar 2183. Suka ƙirƙiro wata al'umma, asari, masu rayuwar shekara 1,000, waɗanda aka ce ba su da rabon maza da mata irin namu. Amma dukansu da surar 'yan mata aka zana su, shuɗaye, wasu ma suna rawa a gidajen shaƙatawa. Jirage sun wuce taurari, idon mai zane yana nan a 2007. A wannan shekarar Singafo ta hana sayar da wasan na 'yan kwanaki saboda wani yanayi tsakanin jaruma mace da asari. A kashi na uku, 2012, kamfanin ya ƙara soyayyar namiji da namiji, abin da babu a na farko. Labarin bai matsa daga ƙarninsa ba, muhawarar Amurka da Kanada ce ta matsa cikin shekara biyar, wasan ya bi ta.

Kuma kowace kasuwa da awonta. A Janairun 2022 masu wasan Genshin Impact sun sake ɗinka wa mata huɗu na cikin wasan kaya masu rufe jiki, suka wajabta su ga 'yan wasan ƙasar Sin, sauran duniya aka bar musu zaɓi.

Ga asalin budurwarku mai matsattsun kaya. Ita kuwa Bahaushiyar da ba ta magana, daga abin da baƙi suka rubuta a kanmu ta fito, kuma ita ta fi ɓata mini rai. Wanda ya taɓa ciniki da 'yar ƙuli-ƙuli, ko ya ga yadda uwar adashi ke bin kuɗinta, ko ya ji labarin iya, wadda ke shugabantar 'yan bori a fadar Maradi, ya san wannan hoton ƙarya ne.

Gyaran yana hannunku. Ku daina ba shi layi ɗaya kuna jiran abin kirki. Ku rubuta masa shekarunta, sana'arta, gidan da ta fito, wa take jin kunya, wa take yi wa wasan taubasantaka, bashin wa ke kanta, me take tsoro. Ku faɗa masa ƙarara cewa babu batsa, kuma soyayya ba za ta shigo ba sai mai riƙe da ita ya so. Ku ajiye wannan a wurin umarnin dindindin da ke cikin saiti, kun san inda yake. Ni da Hausa nake fara rubuta irin wannan, sannan in juya shi Faransanci in ya kasa ganewa, don tunanin ya fito daga gida.

Amma kar ku ɗora wa na'ura laifin duka. Wasiƙarka ta nuna mini ku maza ne zalla a rukunin. Ka ce a labarin kun sa jirgin ƙasa mai tashi daga Maradi zuwa Katsina cikin minti biyar, kun maido da ruwa Gulbi har da rani, to matan da kuka rubuta da hannunku fa? Na rantse akwai amarya, akwai kishiya, akwai mai kawo wa jarumi fura. Injiniya nawa? Kun taɓa tambayar kanku yadda sadaki, zance da kunyar surukai za su kasance bayan shekara 125, ko kun kwashe na unguwarku ne kun kai can yadda suke? Laifin masu Metroid ke nan, da rigar gida. Ku sa 'yan'uwanku mata na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo cikin rukunin, su riƙe mutanensu da kansu. In akwai yara a ciki, a fitar da su. Wasannin da kuke turawa juna ta Xender kuma, ku duba lambar shekaru tukuna: Cyberpunk 2077 da ire-irensa 18 aka rubuta musu, kuma da dalili.

WhatsApp ya ce wuri ya cika, ba na iya buɗe hoto. (Wata Hajiya, unguwar Zariya)

Hajiya, bidiyon bikin 'yar ƙanwarki har sau bakwai yana ciki, daga rukuni bakwai. Shiga wurin ajiya a saiti, goge manyan, ki kashe saukar da bidiyo da kansa.

Na manta lambar sirrin Gmail ɗina, layin da na yi rajista da shi kuma ya ɓace. (Ɗan kabu-kabu)

Je ofishin kamfanin layin da katin shaidarka su sake ba ka lambar, sai ka nemi saƙon maidowa. In ka shiga, ka rubuta sabuwar a littafi, ka ajiye a gida.