Kartar duba a kurkukun Amurka: amsa ga ƙanena

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce in takardunka sun fito kana so ka bi sahuna ka kama aikin gandiroba, amma ka ji ana cewa a kurkukun Amurka har kartar duba ake miƙa wa fursuna da sunan addini, kuma kana tsoron hannunka ya shiga cikin shirka. Abin da ka ji gaskiya ne, ba zan rufe ka ba.

Mabiya Wicca ake nufi. Addini ne da wani ɗan Ingila, Gerald Gardner, ya fito da shi fili a 1954, suna da bukukuwa takwas a shekara da ke bin juyawar yanayi. Wasunsu na amfani da tarot, karta 78 mai zane-zane, su shimfiɗa ta su yi duba. A wurinmu duba duba ce, ka san hukuncinta, ni ma na sani.

Ranar da na fara cin karo da abin, a ofishin mai kula da harkokin addini ne. Ya buɗe kabad, ga dardumar salla, ga carbi, ga Baibul, can gefe ga kartar ɗaure da roba. Fursunan ya sa hannu a littafi, ya zauna inda idona ke kansa, ya yi abin da zai yi ya dawo da ita. Ni aka sa na ƙirga, 78 cif. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ba a bar masa ita a ɗaki, kuma da dalili. Ana caca da ita, ana sayar da duba a karɓi taliyar leda, wadda ita ce kuɗi a ciki, wani ma ya tsorata mai raunin zuciya da cewa karta ta nuna ajalinsa. Wani fursuna a jihar Arkansas ya yi ƙara yana so a bar masa ita a ɗaki, a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ajiye ta a ofis ana ba shi aro ya wadatar.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sanin dokar. A 2000 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira RLUIPA: hukuma ba ta da ikon takura wa ibadar ɗaurarre sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ta hanyar da ta fi sauƙi a kansa. A 2005 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a ƙarar wasu fursunonin Ohio, har da ɗan Wicca a cikinsu. Shekara goma bayan nan, da wannan dokar dai, wani Musulmi, Gregory Holt, wanda ake kira Abdul Maalik Muhammad, ya yi nasara aka bar shi ya tsayar da gemu rabin inci, alƙalai tara babu wanda ya saɓa. Duk azumi ni nake tura keken sahur ƙofa-ƙofa kafin asuba, ina ganin yadda bayin Allah ke karɓa da hannu biyu. Inuwar da ta rufe su ita ta rufe mai karta. Ranar da gandiroba ya samu ikon zaɓen addinin da ya yi masa, mu da muke tsiraru a ƙasar nan za mu fara ji a jikinmu.

Ni dai ban taɓa duba ba, ban sa an duba mini ba, aikina tsaro da ƙirga. Ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa tun kana gida, ka faɗa masa yadda aikin yake dalla-dalla. In zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai tuƙi, akwai aikin jinya. Amma kada ka sa kaki sannan ka ɓoye wa mutum kartarsa ko ka yi masa izgili: cin amana ne, ga kora, ga shari'a.

Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta yana hanya.