Tambaya da Amsa: Ƙwaƙwalwar jaririn dabba tana gyara kanta?

Tambaya: Likita, ina kiwo a Bukuru. Saniyata ta sha doguwar naƙuda, maraƙin ya fito bai yi numfashi ba sai da muka yi ta murza shi. An ce in kwantar da hankalina, wai ƙwaƙwalwar jariri tana gyara kanta. Haka ne?

Amsa: Malam, Allah ya raya maka shi. Maganar da ƙamshin gaskiya, amma da saura.

A shekarun 1930 Margaret Kennard ta Jami'ar Yale a Amurka ta ga jariran birai sun fi manya farfaɗowa idan aka raunata sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi. Daga nan zancen ya bazu. Sai Bryan Kolb a Kanada ya bi diddigi da ɓeraye: wanda aka raunata a kwanakin farko bayan haihuwa yakan tashi da ƙaramar ƙwaƙwalwa, ɓawonta (wato shimfiɗar da ta lulluɓe ta daga waje) siriri, koyo ya yi masa wuya. Wanda raunin ya same shi wajen kwana 10 kuwa, jijiyoyinsa sukan fitar da sababbin rassa, ya murmure sosai. Ka ga ranar da abin ya faru ta fi ƙuruciya muhimmanci.

Dalili shi ne, ɓawon ƙwaƙwalwa hawa 6 ne. Ƙwayoyin jijiya daga can ciki ake haifarsu, su yi tattaki zuwa sama, sababbi su wuce tsofaffi su zauna a bisansu. Kamar gini ne: in aka girgiza shi ana kan jera bulo, duk abin da aka ɗora sai ya karkace. Wani lahanin ma, musamman na goshin ƙwaƙwalwa, yakan ɓuya sai dabba ta girma.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa a kan naka shi ne, maraƙi ba ɓera ba ne. Ɓera ido a rufe ake haifarsa, maraƙi kuwa ya gama yawancin wannan tattakin tun a ciki, shi ya sa yake miƙewa a ranar.

Don Allah a tabbata ya sha dakashi, ko da a kwalba ne. Saka ɗan yatsa a bakinsa ka ji ƙarfin tsotso. In ya kasa tsayawa, ko yana karo da garu, ko jikinsa na fizga, kada a jira kwana: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta garin Vom na kusa da kai, a nemo likitan dabbobi ya duba shi.