Kwaleji na gine-gine tana kukan rashin kuɗi: in kai 'yata ko in fasa?

Tambaya daga wani mahaifi a Haɗeja: "Na halarci bikin yaye ɗalibai a kwalejin gwamnati da ke kusa da mu. Shugabanta ya lissafo sabon ɗakin taro, sabon ɗakin karatu da malaman da aka tura ƙaro ilimi, sai kuma ya koka da ƙarancin kuɗi, har ya ce za a ƙara kuɗin rajista. Ta yaya mai gine-gine zai ce ba shi da kuɗi? In kai 'yata can, ko in lallaɓa in kai ta mai zaman kanta?"

Malam, maganganun nan biyu duk suna iya zama gaskiya, domin kwalejin gwamnati ba aljihu ɗaya gare ta ba. Albashi daga gwamnati yake fitowa. Yawancin sababbin gine-ginen da ka ji kuwa aikin TETFund ne, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wanda dokar 2011 ta kafa. Kuɗinsa daga harajin da ake cira a ribar kamfanoni yake fitowa; harajin ilimin ya fara da kashi 2 cikin ɗari, a 2021 ya koma 2.5, a 2023 ya kai 3. Jami'o'i na ɗaukar rabi, kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi su raba sauran daidai. Makarantu masu zaman kansu ba sa samun ko sisi daga ciki, kuma wannan babban dalili ne na kada ka yi saurin juya wa ta gwamnati baya.

Sai dai kuɗin nan ɗaurarre ne. Abin da aka ware don gini ko horar da malamai ba a karkatar da shi zuwa biyan kuɗin wuta, sayen dizal, sinadaran ɗakin gwaji, takardun jarabawa ko sallamar masu gadi da masu shara. Waɗannan daga ɗan kuɗin gudanarwa da abin da ɗalibai ke biya suke fitowa, kuma nan ne takalmin ke matsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, a Afrilun 2024 kuma aka kai wutar Band A, wato ta rukunin da ya fi samun lantarki, naira 225 kowane yunit. Sabon gini ma ƙarin nauyi ne: ƙarin fankoki, ƙarin fitilu, ƙarin mai shara.

Don haka kada ka auna kwalejin da fenti. Fara da tantancewa, kuma ka sani kowane kwas tantancewarsa daban take. Hukumar NCCE ce ke duba kwasa-kwasan NCE, NBTE mai hedikwata a Kaduna ke duba ND da HND, digiri kuma na NUC ne. Je ofishin magatakarda ka ambaci sunan kwas ɗin da 'yarka ke so, ka tambaya: tantancewarsa cikakkiya ce ko ta wucin gadi, kuma a wace shekara aka yi ta? Cikakkiya kan yi shekara biyar. Ta wucin gadi gajeren wa'adi ne da aka ba makaranta ta gyara abin da aka samu babu, yawanci malamai ko kayan aiki. Wanda ya yi HND a kwas ɗin da ba a tantance ba, ba a kiransa hidimar ƙasa, kuma babu roƙon da ke gyara wannan bayan an gama.

Sannan ka koma kwalejin ranar wata Talata da hantsi, ranar da babu baƙi babu runfa. Leƙa ɗakin kwamfuta: injinan a kunne suke, ko har yanzu suna cikin ledarsu ƙura ta rufe su? Murɗa famfon ɗakin kwanan mata ka ga ko ruwa na zuwa. Tsayar da 'yan aji biyu ka tambaye su wata nawa sakamakon zangon da ya wuce ya yi kafin ya fito, da ko waɗanda suka gama bara sun karɓi takardar sakamakonsu. Idan amsoshin nan sun yi daɗi, kai ta. Ka tabbata kawai gurbin ya fito a shafinta na CAPS, wato shafin ba da gurbin karatu na hukumar JAMB, ta karɓa da hannunta, domin gurbin bayan fage daga baya yake cizo.

Tambaya daga wata uwa a Funtuwa: "An ƙara kuɗin makarantar ɗana a kwalejin kimiyya da fasaha. In sayar da tumakina in biya, ko mu nemi bashin ɗalibai na gwamnati?"

Hajiya, ki bar tumakinki tukuna. Asusun NELFUND, wanda aka sa hannu kan dokarsa a Afrilun 2024 aka buɗe shafinsa a watan Mayun shekarar, bashi ne marar ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa kwalejin, ɗalibi kuma yana iya neman naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu.

Ɗanki zai buƙaci lambar JAMB, NIN, BVN da lambar rajistarsa ta makaranta. Abu biyu ke yawan kawo cikas: kwalejin ba ta ɗora bayanansa ba, ko sunansa ya saɓa tsakanin takardun, a nan Muhammad a can Mohammed. Sai ya fara gyara wannan. Ya kuma tambayi ofishin kula da harkokin ɗalibai ko za su bar shi ya yi rajista kafin kuɗin ya iso. In wa'adin rufe rajista ya matso har dole ki biya, ki biya ta shafin makarantar, in ta tarayya ce da lambar biyan kuɗi ta RRR ta Remita, ki adana rasit, domin da shi za a nemi mayar da kuɗin idan na NELFUND ya iso, kuma mayarwar kan ɗauki lokaci. Kada ki tura kuɗi asusun wani ma'aikaci ko da ya rantse.

Tambaya daga wani ɗalibi a Gusau: "Kwalejin ilimi ta ce tana shirin fara ba da digiri. In jira, ko in shiga NCE bana?"

Ɗan'uwa, dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da NCE da digiri a lokaci guda, amma damar doka daban, amincewar NUC da kwas ɗinka daban. Na jiha kuwa ba su shiga ƙarƙashin dokar kai tsaye ba. Duba jerin kwasa-kwasan JAMB na bana. In digirin da kake so ya fito a ƙarƙashin sunan kwalejin, nemi shi. In bai fito ba, shiga NCE, shekara uku ce, kuma da sakamako mai kyau za ka shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.